Idan Wani Naku Yana Ƙoƙarin Rage Ƙiba, Ga Taimakon Da Yake Bukata Daga Gare Ku

Assalamu alaikum, masu kallonmu. Bayaninmu na yau na waɗanda ke zaune da mai ƙoƙarin rage ƙiba ne: miji, mata, uwa, yaya, aminiya, abokin aiki. Likita ya ce wa wani naku ya rage nauyi saboda hawan jini, ko ciwon suga, ko gwiwa da ta fara ciwo. To, ku mene ne naku a ciki?

Ku fara da sanin abin da jikinsa ke yi masa. Da zarar nauyi ya fara sauka, wani sinadari mai suna girelin, wanda ciki ke fitarwa don ya sa a ji yunwa, sai ya ƙaru. Wani kuma mai suna leftin, wanda ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, sai ya ragu. Wani bincike da aka yi a Ostareliya, aka fitar a 2011, ya nuna wannan canjin yana nan ko bayan shekara guda da rage nauyin. Ke nan idan 'yar'uwarku ta ce yunwa na damunta da dare, gaskiya take faɗa. Ba kwaɗayi ba ne, kuma faɗa ba ya kashe wannan yunwar.

Sannan ku san inda ake so a kai, don kada ku ɗora masa abin da ba a nema ba. Mai kilo 90, idan ya sauke kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, wato kilo huɗu da rabi zuwa tara, jininsa da sugansa kan fara daidaita. A wani babban bincike na Amurka da aka fitar a 2002, masu dab da kamuwa da ciwon suga da aka sa su rage kusan kashi 7 na nauyinsu, suna motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Saurin da ake so shi ne rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. A wata na farko da wuya ido ya ga canji, don haka ku daina cewa "ni fa ban ga kin ragu ba."

Yanzu maganar baki, wadda ita ce ta fi karya mutane a nan Kaduna. Mai ƙiba yana shan suka ta gaba da ta baya. Kafin ya fara, ana tsokanarsa da tumbi da teɓa a majalisa. Idan ya fara saukowa, sai a shiga tambaya: "Lafiya kuwa? Ka rame fa." Mace kuwa har cewa ake yi, "Ko maigidan kishiya zai yi miki ne?" Mun saba ɗaukar ƙiba alamar hutu da kwanciyar hankali, shi ya sa mai ragewa yake jin kamar yana tona wa gidansa asiri. Wannan yana sa mata da yawa su koma wa cin da suka bari, don kawai a daina magana a kansu.

Tsokana kuma ba ta sa mutum ya dage. Wanda ake kunyatawa saboda jikinsa yakan ƙara ci ne a ɓoye, ya daina fita tattaki don kada a kalle shi, wani ma ya guji asibiti don kada a sa shi hawa sikeli a gaban jama'a. Abin da za ku yi shi ne ku tambaya: "Yaya, da me zan taimaka miki?" Sai ku yi shiru ku saurara. Wata za ta ce a tashe ta da asuba, wata za ta ce a daina yi mata maganar gaba ɗaya. Idan za ku yaba, ku yabi abin da aka yi: "Sannu da ƙoƙari, sau huɗu ka fita makon nan." Kada ku tsaya a kansa kuna ƙirga loma, kada ku yi masa gyara a gaban baƙi ko yara.

Sai tukunya. A ganinmu nan ne babban taimako yake, domin ba adalci ba ne a zuba wa mutum ɗaya kwaɗon zogale, sauran gida suna cin soyayyar taliya a gabansa. Ku dubi cokalin cin abinci. Man girki cike da shi, na gyaɗa ne ko manja, kalori 120 ne, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Mai girkin da ke tuttula mai daga jarka tana iya zuba cokali goma ba ta sani ba. A koma auna shi da cokali, a rage kaɗan-kaɗan, babu wanda zai ji bambanci a miya. Kwalbar lemo ta santilita 35 tana ɗauke da suga wajen cokalin shayi tara. Zoɓo da kunun aya ma, idan an cika musu suga, duk tafiyar ɗaya ce. Maigida da ke shigowa da ledar lemo da biredi kowane dare, ya mayar da ita ta gwanda, kankana, kokwamba ko yalo.

Ba a hana tuwo ba. Mai cin malmala uku ya koma biyu, a ƙara masa miyar ganye, kuka ko kuɓewa ko alayyafo. Rabin faranti ya zama ganye, kwata ya zama tuwo ko shinkafa, kwata kuma wake, kifi, ƙwai, awara ko nama marar kitse. Wake da ƙwai suna riƙe ciki fiye da biredi da shayi mai kauri. A wajen biki ko suna kuwa, idan ya ce ya ƙoshi, ku tsaya masa. "Ɗan taɓa mana, don Allah" ta rusa ƙoƙarin mutane da yawa.

Motsa jiki ya fi ɗorewa idan akwai abokin tafiya. Minti 30, kwana biyar a mako, da saurin da za a iya magana amma numfashi ya ɗan ɗaga. Masu kusa da Dandalin Murtala suna da fili, amma layin unguwa a Rigasa ko Kawo ko Tudun Wada ma ya isa, bayan asuba ko bayan la'asar. Matar da fita ke yi wa wuya tana iya zagaya tsakar gida minti goma-goma sau uku a yini, ku kuma ku karɓi yaron ku riƙe mata. Mai nauyi sosai ya fara da minti goma da takalmi mai laushi saboda gwiwa. Barci ma a bar shi ya samu awa bakwai, don rashin barci yana ƙara yunwa.

Sikeli, sau ɗaya a mako ya isa, da safe kafin a ci komai. Nauyi kan hau ya sauka da kilo ɗaya ko biyu saboda ruwa, gishiri ko lokacin al'ada. Bayan 'yan watanni kuma yakan tsaya cak, domin jikin da ya ragu ba ya ƙona abinci kamar da. A nan ne mutane ke sarewa. Ku ɗauko igiya ku auna tsawonsa, ku ninka ta gida biyu ta zama rabin tsawonsa, ku zagaya cikinsa a daidai saman cibiya. Abin da ake nema shi ne ninkakkiyar igiyar ta zagaye shi, kuma sau da yawa ciki yana raguwa alhali sikeli bai motsa ba. Idan kuma ya yi kwana uku yana ci ba ƙaƙƙautawa lokacin sallah, ku ce, "Ba komai, gobe da asuba zan biyo maka." Kada ya rama da ƙin cin abinci yini guda, hakan ne ke jawo cin wuce kima da dare.

Akwai inda taimakonku shi ne ku kai shi asibiti. Shayin rage ƙiba da ake tallarsa a waya, da yawansu maganin sa gudawa ne, ruwan jiki suke zubarwa, kitsen yana nan. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwaya, kada ya rage abinci sai likita ya duba maganinsa, don suga na iya faɗuwa har ya suma. Mai ciki ba ta rage ƙiba, mai shayarwa kuma sai da shawara. Idan kun ga mutum yana tilasta wa kansa amai bayan cin abinci, ko yana kwana da yunwa, ko ya daina shiga mutane yana yawan kuka, ku raka shi ya ga likita, a asibitin unguwa ko a Barau Dikko, ku zauna tare da shi a layi. Wanda kuma yake ramewa alhali bai rage komai ba, yana yawan fitsari da ƙishirwa ko tari, a gwada jininsa a makon nan.