Idan Aka Mayar da Shugaba Tauraron Fim

Assalamu alaikum. Malamaina da ke nan gaba, da 'yan'uwa ɗalibai, barkanku da yamma. Waɗanda ke can baya, in murya ba ta isa gare ku, ku ɗaga hannu.

Zan yi magana ne a kan fina-finai uku da aka yi kan shugabanni masu ra'ayin mazan jiya. Korafin da aka saba ji shi ne wai masu shirya fim a Amurka da Ingila ba sa ƙaunar irin waɗannan shugabanni, sai su ɓata su. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ni abin da ya fi damuna daban ne.

Mu fara da The Iron Lady na 2011, wanda Meryl Streep ta fito a matsayin Margaret Thatcher har ta ci kyautar Oscar. Thatcher ta riƙe firaministar Birtaniya daga 1979 zuwa 1990. To, da me fim ɗin ya buɗe? Da wata tsohuwa ta shiga kanti sayen madara, ba wanda ya gane ta. Ta koma gida tana hira da mijinta Denis, alhali ya rasu tun 2003. Kaso mai yawa na fim ɗin a nan ya ƙare: tsufa, ruɗewa, kaɗaici. Magoya bayanta suka ce an ci mutuncinta tana raye, don sai 2013 ta rasu. David Cameron ma, firaminista a lokacin, ya nuna da an jinkirta fim ɗin da ya fi.

Amma ku lura da abin da aka yi wa yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985. Kusan shekara guda magidanta ba albashi, garuruwa sun durƙushe bayan an rufe ramukan. A fim ɗin, duk wannan ya zama 'yan hotuna masu wucewa, fuskokin fusatattu suna dukan gilashin motarta. Mu 'yan kallo muna cikin motar tare da ita. Mai haƙar kwal ba shi da suna, ba shi da mata, ba shi da tukunyar da ta kwana ba wuta. Wanda ya shigo yana ƙin Thatcher zai fita yana tausayinta, kuma bai san dalilin da ya sa aka ƙi ta ba.

Na biyu, Darkest Hour na 2017. Gary Oldman ne Winston Churchill, firaministan Birtaniya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, shi ma ya ci Oscar. Labarin makonni kaɗan ne na watan Mayun 1940, lokacin da sojojin Birtaniya suka maƙale a Dunkirk, a gaɓar tekun Faransa. Akwai inda Churchill ya shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa a Landan yana tambayar talakawa ko a yi sulhu da Hitler, suka ce a'a. Ƙirƙira ce, hakan bai faru ba. A zahiri, cikin majalisar yaƙi, Clement Attlee da Arthur Greenwood na jam'iyyar Leba ne suka tsaya masa a kan Halifax, ministan harkokin waje, mai son a nemi sasanci. Wani zai ce ai fim ɗin bai kai 1943 ba, don haka ba laifi da bai ambaci yunwar Bengal ta ƙasar Indiya ba, wadda ta ci rayuka wajen miliyan uku a ƙarƙashin mulkin Birtaniya. Haka ne. Sai dai wa ya zaɓi makonnin? Mu da kakanninmu suka je yaƙin Boma a ƙarƙashin tutar wannan daula, muna da damar yin wannan tambaya.

Na uku ya sha bamban. Vice na 2018, kan Dick Cheney, mataimakin George W. Bush. Nan darakta Adam McKay bai ɓoye ƙiyayyarsa ba, har Christian Bale, wanda ya fito a matsayin Cheney, da ya karɓi kyautar Golden Globe ya gode wa Shaiɗan da ya ba shi basirar taka rawar. Dariya kuke yi, wallahi haka ya faɗa. Amma ko a nan, me ya fi zama a ƙwaƙwalwa? Ciwon zuciyar Cheney, kamun kifinsa, matarsa Lynne, 'ya'yansa mata biyu. Mutanen Iraƙi da aka mamaye a 2003 sai a hango su cikin ƙura da hayaƙi, na ɗan lokaci, a wuce.

Kun ga ɗaya tausayi, ɗaya yabo, ɗaya zagi, amma kyamara wuri ɗaya take tsayawa, a fuskar mai mulki. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: tauraro ake sayarwa, kuma dokar haraji ko sayar da kamfanonin gwamnati ba sa sa mutum hawaye a silima kamar tsohuwa mai tattara kayan mijinta marigayi.

Na ga hannu a can gefe tun ɗazu. Malama, bismillah, a miƙa mata makirufo.