Amsoshin Tambayoyinku: Na sa Linux, Wi-Fi ya yi ɓatan dabo

Jama'a barkanmu da warhaka. Saƙonni sun taru, agogo kuma ba ya jira, Injiniya sai mu fara.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi tana tambaya ko Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, na kuɗi ne. Kyauta ne, Hajiya, datar da za ki sauke shi ce kawai taki.

Wani daga Jos ya ce RAM ɗin kwamfutarsa giga 2 ne, wane nau'in Linux zai sa? Lubuntu ko antiX. In mai 32-bit ce, to antiX, don Lubuntu ta daina yin irin wannan.

Sai wadda mutane da dama suka aiko. Wani ɗalibi daga Zariya ya ce tsohuwar Dell gare shi ta gwanjo. Da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a Oktoban 2025 sai ya sa mata Lubuntu. Yanzu gudu take kamar sabuwa, amma ko Wi-Fi ɗaya ba ta gani. Injiniya?

"To, ai abin yana da tarihi. Ka san tun 1991 da Linus Torvalds ya fara wannan aiki a Helsinki, kamfanoni ba su ɗauke shi da..."

Injiniya, yaron nan jarrabawa gare shi, a bar Helsinki tukuna.

"Shi ke nan. Ya fara duba maɓalli. Tsofaffin Dell da HP suna da ɗan makunni a gefe, ko Fn da maɓallin da ke da hoton eriya. Ya buɗe Terminal, wato tagar rubuta umarni, ya rubuta rfkill list. In ya ga Hard blocked: yes, makunnin ne a kashe, babu abin da ya lalace."

Kun ji ko? Makunni tukuna. Na san wanda ya kwana uku yana zagin Linux, ashe ɗansa ne ya tura makunnin. Ba zan faɗi suna ba, yana cikin ɗakin nan.

"Allah Ya shirye ka. In ba shi ba ne, ya rubuta lspci ya nemi layin Network controller, zai ga sunan katin Wi-Fi ɗin. Intel da Atheros yawanci da kansu suke tashi. Mai taurin kan shi ne Broadcom, irin su BCM4311 da BCM4312, saboda kamfanin bai yarda a raba firmware ɗinsu, wato 'yar manhajar da ke tada katin, cikin faifan Linux ba. Sai an sauko da shi daga intanet."

To ga ta nan. Ba shi da intanet, an ce ya sauko da magani daga intanet!

"Wayarsa fa? Ya jona Android ɗinsa da kebul, ya kunna USB tethering, kwamfutar za ta ɗauke ta kamar wayar LAN. Sannan ya rubuta sudo apt update, ya bi da sudo apt install firmware-b43-installer, ya kashe ya kunna. In wani samfurin Broadcom ne, ya buɗe Additional Drivers ya ga abin da ta ba shi. Amma kada ya haɗa direba biyu, wato manhajar da ke sarrafa katin: direbobin b43 da wl kishiyoyi ne, ba sa zama ɗaki ɗaya."

Bari in maimaita, ɗauko biro: makunni, sai lspci don sanin sunan katin, sai waya da kebul, sannan direba guda ɗaya tak. Ni abin da ke ba ni haushi, mutum bai san sunan katinsa ba, amma duk umarnin da ya tsinta a intanet sai ya zuba. Haba ɗan'uwa, wa ke shan magani bai san cutar ba?

Wani daga Kumasi: in katin ya mutu fa? Sayi ɗan katin Wi-Fi na USB, amma tafi da kwamfutarka shagon, a gwada a gabanka kafin ka biya.

Mai tambaya kan firinta, yi haƙuri, ga shi ana ɗaga mini hannu ta gilashi. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.