Idan feshin ruwa da metanol ya tsaya alhali ƙafarka na kan totur

Akwai ɗan tankin da ake ɗaura wa mota mai sufacaja don a riƙa fesa ruwansa cikin iskar da ke shiga injin. Rabinsa ruwa ne, rabi metanol, wani sinadari mai kama wuta. Sufacaja matse iska take yi tana ɗura wa injin, iska kuwa da an matse ta sai ta ɗau zafi. Feshin nan shi ke sanyaya ta, ya hana fetur fashewa ba bisa ƙa'ida ba, abin da ke sa injin ƙwanƙwasa.

To ga inda gizo ke saƙar. Da zarar an ɗaura feshin, mai saitin injin yakan ƙara taimin, wato ya sa fulogi ya riƙa ba da wuta da wuri, ya rage fetur, tunda metanol ma mai ne. Injin ya dogara da feshin ke nan. Ranar da nozul, wato bakin feshin, ya toshe, ko fiyus ɗin famfo ya ƙone, ko tiyo ya fice, kai kuma ka take totur har ƙasa, cikin 'yan daƙiƙu fistan zai iya tsagewa ko ya narke.

Da yawa suna gamsuwa da sensar cikin tanki. Wallahi ba ta isa ba. Iyakarta ta ce ruwa ya kusa ƙarewa, alhali tanki na iya zama cike fal amma ko ɗigo ba ya kaiwa injin. Abin da kake buƙata sensar da ke auna gudun ruwan cikin tiyo, a sa mata iyaka biyu. Ya yi ƙasa, toshewa ce ko famfo ya mutu. Ya zarce, akwai yoyo.

Kuma kada aikinta ya tsaya kan kunna fitila, domin kafin idonka ya kai can an riga an yi ɓarna. Kai tsaye za ta sanar da kwamfutar injin, ita kuma ta ja taimin baya, ta ƙara fetur. Sufacaja bel ke juya ta, ba za ta lafa da kanta ba, don haka sai dai a buɗe bawul ɗin da ke karkatar da iskar, ko kwamfuta ta rage totur. Ko a 1962, motar Oldsmobile Jetfire, mai turbo (na'urar matse iska da hayaƙin injin ke juyawa), tana rage matsin iska da kanta idan ruwan feshinta ya ƙare.

Ka sa bawul mai hana ruwa zurara idan famfo ya tsaya, kada ya cika silinda. Sannan ka gwada kariyar a gaban mai saiti, kan na'urar gwaji: ku zare wayar famfo, ku taka a hankali, ku gani da idonku cewa taimin ya ja baya.