Yadda ake haɗa katalis ɗin matatar mai: jiƙo, shanya da gashi

Assalamu alaikum. Toh ɗalibai, yau kan katalis za mu tsaya, wato sinadarin da ke hanzarta haɗuwar sinadarai shi kuma bai ƙare ba. Duk matatar da kuka sani, ta Kaduna ce ko ta Dangote mai tace ganga 650,000 a rana ko SORAZ ta Damagaram, aikinta ba ya tafiya sai da shi. Wanda zan ɗauka misali shi ne mai cire farar wuta daga man dizal, ƙarafan kobal da molibdinam a kan alumina, wato oksayid ɗin alminiyam (alminiyam da ya haɗu da iskar oksijin).

Me ya sa sai an ɗora ƙarfen a kan wani abu? Saboda tsada, kuma aikin a fatar waje yake faruwa, abin da ke can cikin dunƙule zaman banza yake. Shi alumina irin wanda ake kira gama cike yake da ƙananan ƙofofi, giram ɗaya in ka shimfiɗa cikinsa zai kai murabba'in mita 200, wato giram biyu da ɗan wani abu ya kai fuloti hamsin da ɗari. Kun ga filin da za a baza ƙarfen kenan.

Hanyar da aka fi bi ita ce jiƙo daidai wa daida. Kun san garin kwaki ai, akwai ruwan da za ka zuba ya shanye tas bai bar tsuki ba, ka ƙara kaɗan sai ya kwanta a sama. Toh haka ne. Da farko ka auna ruwan da aluminanka ke sha, mu ce mililita 0.6 duk giram, in giram 10 gare ka mililita 6 kenan, a cikin wannan ɗan ruwan za ka narka gishirin molibdinam mai amoniya ka riƙa ɗigawa kana juyawa har ya yi danshi amma bai yi caɓi ba. Kobal naitret, mai jan launin nan, yawanci daga baya ake zuba shi a zagaye na biyu. Akwai masu tsoma aluminan cikin ruwa mai yawa su tace, akwai masu sa ƙarfen da aluminan su kwanta tare daga ruwa ɗaya, waɗannan sai wani zaman.

Tsamin ruwan ma fa yana da magana. Alumina in ruwa ya yi ƙasa da 8 a ma'aunin tsami na pH fatarsa cajin fozitif take ɗauka, shi kuma molibdinam a ruwa negatif ne, sai su kama juna. Silika, wato sinadarin yashi da ita ma ake ɗora ƙarfe a kanta, ba haka take ba, ita nata ma'aunin can ƙasa yake sosai, shi ya sa abin da ya zauna lafiya kan alumina sai ya ƙi zama kan silika.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne, shanya. Wallahi nan ne aka fi yin asara kuma nan ne kowa ya raina. Lokacin ina ɗalibi na taɓa gaggawa na jefa samfur cikin oben mai zafi sosai don in kama sallar la'asar, washegari na fasa ƙwaya ɗaya da reza sai na ga launin duk ya taru a gefe kamar zobe, tsakiya fari fat. Abin da ya faru, ruwa da yake gudu waje ya kwaso gishirin ya ajiye a bakin ƙofofi, kamar dai farin gishirin da kuke gani jikin katangar da damina ta jiƙa. Aikin sati guda ya tafi. Ka bar shi ya kwana a lulluɓe tukun, sannan ka busar a hankali wajen digiri 110 zuwa 120 na Salsiyos. Eh, akwai lokacin da da gangan ake son ƙarfen ya tsaya a gefe, amma ya zama kai ka nufa.

Sai gashi, cikin iska, wajen digiri 500, 'yan awanni, kana ɗaga wutar sannu sannu. Anan naitret da amoniya ke fita su bar oksayid manne da aluminan. Duk wanda ya taɓa ganin masu ginin tukwane ya san wuta in ta gaza tukunya ba ta nuna, in ta yi yawa ta fashe. In ka zarce sosai kobal zai nutse cikin jikin aluminan ya zama kobal aluminet, shuɗin nan na masu fenti, kyau a ido amma ya daina aiki. In ka haura 1000 kuma aluminan kansa zai tashi daga gama ya koma irin da ake kira alfa, ƙofofin su toshe.

Wani ya tambaya daga baya can, ko a gida za mu iya samun aluminan? Ana iyawa, farar ƙasar Ƙanƙara ta jihar Katsina masu bincike a ABU Zariya sun daɗe suna fitar da alumina da ziyolait (shi ma wani abu ne mai ƙofofi da ake katalis da shi) daga cikinta.

Kafin katalis ɗin ya fara aiki a matata sai an bi ta kansa da haidurojin haɗe da sinadarin farar wuta, oksayid ɗin ya koma salfaid, wato ƙarfen haɗe da farar wuta, launinsa ya koma baƙi. Gobe ƙarfe 8 kowa ya zo lab da rigarsa da safar hannu, da awon ruwan alumina za mu fara.