Amsoshin Tambayoyinku: Albashin Malamai da Watannin da Ɗalibai Suka Yi a Gida

Mai gabatarwa: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Jakar tamu yau cike take maƙil, kuma kusan duk wasiƙun a kan rigimar ma'aikatan jami'a da gwamnati suke. Shi ya sa muka taso Baba Farfesa, wanda ya yi shekara talatin da ɗoriya yana koyarwa kafin ya ajiye alli. Baba, barka da zuwa. Tun a waje na roƙe ka, yau a taƙaice.

Farfesa: Barka kadai 'yata. Malami da taƙaitawa? To, za dai a gwada.

Mai gabatarwa: Ta farko daga Gusau, wani na tambayar yaushe aka kafa ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'in Najeriya. Wannan ba sai na wahalar da Baba ba: 1978 ne. Mu wuce.

Ta biyu daga wani mai gadi ne a wata jami'a, kuma da fushinsa ya zo. Ya ce kullum ASUU, ASUU, su ba mutane ba ne? Malam mai gadi ka yi gaskiya, laifinmu ne mu 'yan jarida. Bayan ASUU ta malamai, akwai SSANU ta manyan ma'aikatan da ba sa koyarwa, da NASU ta sauran ma'aikata irinka, da NAAT ta masu kula da ɗakunan gwaje-gwaje. A watan Maris na 2024 SSANU da NASU sun yi yajin aikin gargaɗi na kwana bakwai, saboda an biya malamai wani ɓangare na albashin da aka riƙe, su aka tsallake su.

Farfesa: Ranar da suka tafi yaji kuwa ba ruwa, ba wuta, asibitin makaranta a kulle. Mu da kanmu mun san ba mu iya rana ɗaya in ba su.

Mai gabatarwa: To ga wadda za mu daɗe a kanta, don wasiƙu irinta sun fi yawa. Wata uwa ce daga Funtuwa. Ta ce: "Ɗana ya shiga jami'a karatun shekara huɗu, sai da ya yi shida. Saboda yajin aikin malamai, a 2020 wata tara yana gida, a 2022 wata takwas. Kuɗin ɗakin haya da na biya ya tafi a banza. Sai na ji malamai na cewa a biya su albashin watannin da ba su shiga aji ba. Ni a sanina wanda ya yi aski shi ake ba lada. Su wa ya ce a biya su, ni kuma wa zai biya ni?" Baba, ga ka ga Hajiya.

Farfesa: Hajiya, Allah ya ba da haƙuri, ya sa wa karatun yaron albarka. Amma kafin a fahimci wannan sai an koma 1992.

Mai gabatarwa: Baba, 2022 ta tambaya.

Farfesa: Ina zuwa. A 1992 Attahiru Jega ne shugabanmu, zamanin Babangida. An haramta ƙungiyar, kamar yadda aka yi a 1988, amma ba mu janye ba sai da aka sa hannu a yarjejeniya. A cikinta aka kawo shawarar kamfanoni su riƙa ba da kashi biyu cikin ɗari na ribarsu don ilimi. Aka yi dokar a 1993, ita ce ta zama TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, a 2011. Duk jami'ar gwamnati da kika shiga yau, ki duba gine-ginen da ke da kyan gani, ki karanta abin da aka rubuta a jikinsu. Yajin aiki ne ya haifi wannan asusu. Mutane sun manta. Kuma an rasa rayuka a wannan hanya. Festus Iyayi, tsohon shugabanmu, a hatsarin mota ya rasu a jihar Kogi a Nuwamban 2013, yana hanyar zuwa taronmu a Kano...

Mai gabatarwa: Baba, mun ji tarihi. Batun albashin nan fa?

Farfesa: To. An fara yajin ranar 14 ga Fabrairun 2022, aka janye 14 ga Oktoba, bayan kotun ma'aikata ta ce a koma aji, kotun ɗaukaka ƙara ma ta ce a bi umarnin tukuna. Gwamnatin Buhari, ta bakin Chris Ngige ministan ƙwadago, ta ce ba aiki ba biya. Kuma akwai shi a doka, sashe na 43 na dokar rikicin ma'aikata, ba zan ɓoye ba. Hujjarmu ita ce aikin malamin jami'a kashi uku ne: koyarwa, bincike, da hidimar al'umma. Koyarwa muka ajiye. Sannan, Hajiya, da aka dawo, an ce wa ɗanki ya tsallake zangon da ya rasa? A'a. Daga inda aka tsaya aka ɗora, aka koyar, aka yi jarrabawa, aka duba takardu, hutu ma aka matse shi. Direban bas in ya yi yaji, fasinjan ranar ya wuce har abada. Mu fasinjanmu yana tasha yana jiranmu, kuma mun kai shi.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita don masu sauraro. Gwamnati ta ce doka ta hana biyan wanda ke yajin aiki. Malamai sun ce aikin ba yafe shi aka yi ba, jinkirta shi aka yi, kuma sun rama shi daga baya, don haka ladan askin nasu ne. Haka ne Baba?

Farfesa: Kin ci jarrabawa.

Mai gabatarwa: Daga baya, a Oktoban 2023, Shugaba Tinubu ya amince a saki albashin wata huɗu, aka biya a farkon 2024, ASUU ta ci gaba da bin sauran wata uku da rabi. Wannan rabin tambayar Hajiya ke nan. Ɗaya rabin, Baba, ka zille masa, kuma zan faɗi ra'ayina ko da za ka ba ni sifili. Malami yana da ƙungiyar da za ta bi masa bashinsa shekara da shekaru. Gwamnati ta riƙe kuɗinta. Shi ɗalibi fa? Mai gidan haya ba ya mayar da kuɗi. Wanda ya haura shekara talatin kafin ya gama, bautar ƙasa ta wuce shi, takardar yafewa za a miƙa masa. Yarinyar da aka ce ta gama karatu kafin aure, ana zama gida wata takwas sai dangi su fara magana, wata ba ta ƙara komawa ba. Hajiya, amsar gaskiya ita ce babu wanda zai biya ki. Babu shi a doka, babu shi a kowace yarjejeniya.

Farfesa: Ban musa ba. 'Ya'yana ma a gida suka zauna, ina kallonsu ba albashi. Amma ki tambayi abin da ke kawo yajin. An yi yarjejeniya a 2009 zamanin 'Yar'aduwa, aka ce duk bayan shekara uku za a sake duba ta. Ba a zauna ba sai 2017, da kwamitin Wale Babalakin. Aka kawo na Munzali Jibril, aka kawo na Nimi Briggs a 2022, aka kawo na Yayale Ahmed a 2024. Kwamiti huɗu a kan takarda ɗaya! A 2013, bayan gwamnati da kanta ta tura an zagaya an ga halin da jami'o'i ke ciki, Jonathan ya yi alkawarin naira tiriliyan 1.3 cikin shekara shida. Aka ba da biliyan 200 na farko, daga nan sai ɗan tsakure. Gafara sa, gafara sa, ba mu ga ƙaho ba. Mu rubuta wasiƙa, shiru. Mu yi gargaɗi, shiru. Sai an rufe ƙofa minista ke kiran taro.

Mai gabatarwa: Amma Baba, tsakani da Allah, makamin bai dakushe ba? 'Ya'yan masu sa hannun suna jami'o'in kuɗi ko ƙasar waje. Ɗan Hajiya kaɗai ke jin bulalar.

Farfesa: Wannan ko a cikinmu ana muhawara a kai. Wasu ma sun ɓalle, gwamnati ta yi wa ƙungiyarsu CONUA rajista a 2022. Ni dai har na yi ritaya ban ga wanda ya kawo wata hanyar da gwamnati ke ji ba.

Mai gabatarwa: To Hajiya kin ji, ke za ki yi hukunci. Lokaci na gudu. Wani dattijo daga Azare ya ce ya yi ritaya daga ofishin rajista na wata jami'ar tarayya, ya daɗe yana jiran fansho. Baba, minti ɗaya.

Farfesa: Tun 2004 aka koma tsarin adashi. Bisa gyaran 2014, ma'aikaci na zuba kashi takwas cikin ɗari na albashinsa, gwamnati kashi goma, a asusun da ke da sunansa. Inda gizo ke saƙa shi ne wanda ya fara aiki kafin 2004. Haƙƙinsa na waɗancan shekarun gwamnati ce za ta biya a zuba masa, kuma in ba ta sako ba sai a yi ta jira. Mu farfesoshi sai shekara 70 muke ritaya, sauran 65, tun dokar 2012. Ni da na tafi nawa tantancewar, wata mata a layi ta ce min...

Mai gabatarwa: Baba, sai wani makon labarin matar. Dattijo, ka je wurin kamfanin da ke riƙe da asusunka da takardar ɗaukar aiki da ta ritaya, ka tambaye su ko an zuba haƙƙinka na kafin 2004. In ba su gamsar da kai ba, ka kai kuka hukumar kula da fansho ta PenCom. Kada ka ba kowa ko sisi don ya "tura maka fayil".

Daga Maraɗi wani na tambaya ko Najeriya kaɗai ke wannan fama. Ina! Ku ma a Nijar ƙungiyar malaman jami'arku SNECS ta sha yajin aiki a 2018 da 2019, kan ko malamai ne za su zaɓi shugaban jami'a ko gwamnati ce za ta naɗa. A Ghana ma ƙungiyar malaman jami'a ta UTAG ta yi nata a farkon 2022.

Wata daga Zariya ta ce mene ne IPPIS? Tsarin biyan albashi ne ta kwamfuta daga Abuja. Malamai suka ce bai dace da aikin jami'a ba, suka ƙirƙiro nasu mai suna UTAS, a Disamban 2023 gwamnati ta amince a cire manyan makarantu daga ciki.

Ta ƙarshe, wani ɗalibi daga Birnin Kebbi ya ce don Allah a tambayar masa Baba ko akwai yajin aiki a gaba, don bai yi karatun jarrabawa ba. Kai yaro, ka ji kunya! Uwa na kuka a Funtuwa kai kana roƙon sai-baba-ta-gani? Tashi ka ɗauki littafi.

Farfesa: Ki ba ni sunansa.

Mai gabatarwa: Ba zan bayar ba, Baba. Mai kula da na'ura na ɗaga min hannu. Wasiƙun da ba mu kai gare su ba suna nan a ajiye, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.