Idan butar nan ta yi ja, kashe mota

An rubuto wannan ne daga muryar da aka naɗa a wata lacca da wani tsohon makanike ya yi wa direbobinmu a Jidda bayan sallar isha'i.

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, shekaranjiya aka kawo mini mota warsha, ina leƙa gaban direba sai na ga an liƙe wata wutar gargaɗi da baƙin salatif. Na ce, Alhaji, me ya yi zafi? Ya ce kashe masa ido take yi da dare!

Duk sanda ka murɗa makulli, wutocin nan kan kama gaba ɗaya, inji na tashi su mutu. Gwaji ne. Wadda ta ƙi mutuwa, ko ta kama kana tafe, ita ke da magana. Kore da shuɗi sanarwa ce kawai. Ruwan ɗorawa, kai a duba. Ja kuwa, nemi gefen titi.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce mai kama da buta tana ɗigo. Sai ka ji direba ya ce baƙin mai ne ya yi ƙasa, bari in ƙarasa Madina in ƙara. Wace Madinar? Daga Makka ya fi kilomita 400. Abin da wutar ke cewa, man ba ya zagayawa da ƙarfi, ƙarfe na gogar ƙarfe, cikin 'yan mintuna inji zai iya bugawa. Kashe motar, ka ɗan jira. Zaro sandar awon mai, goge ta da tsumma, mayar, sake zarowa. In ya yi ƙasa, ƙara. In a cike yake kuma wutar na nan, wataƙila famfon mai ne, kar ka sake tayarwa, nemi janwe. A babbar hanya a yankin Makka, lambar kiran jami'an tsaron hanya 911 ce.

Sai wutar zafin inji, wadda ke kama mutane a hawan dutsen Hada in za su Ɗa'if, musamman da rani, lokacin da zafin Makka kan haura digiri 45. Kashe AC, ka tsaya. Don Allah kar ka taɓa murfin lagireto. Ruwan a matse yake, ya wuce digiri 100 bai tafasa ba, kana buɗewa ya yi maka wanka. Na ga yaron da fatar hannunsa ta saɓule kamar safa. Ba motar rabin awa ta huce.

Ta batir kuma, sau da yawa batirin lafiyarsa ƙalau, caji ne ba ya shiga. Duba fambel, don a motoci da yawa shi ke juya famfon ruwa.

(Wani daga baya: Baba, mai hoton inji fa? Tawa ta shekara a kunne.)

Shekara guda? Allah ya shirye ka, ɗana. In a kunne take ba ta ƙiftawa, yana iya zama murfin tanki ne bai ɗauru ba. Tun 1996 Amurka ta wajabta wani soket a ƙarƙashin sitiyari, yanzu kusan kowace mota na da shi. A jona na'ura ta faɗi inda ciwon yake. Amma in tana ƙiftawa, inji na tsallake wuta ne, ɗanyen fetur na gangarawa salansa yana ƙona matatar hayaƙi, mai tsadar gaske. Sassauta totur, ka wuce warsha. Taka kuwa, kawo ta gobe da safe, kafin rana ta yi.