Abin da mai keke ke takawa a gefen babbar hanya idan ƙanƙara ta zuba

Ku dubi wannan farin layin da ke bakin kwalta. Daga shi zuwa hagu na motoci ne. Ɗan zirin da ya rage a dama shi ne rabon mai keke. Wannan babbar hanya ce mai lamba 99 a lardin British Columbia na Kanada, wadda ta bi ta Vancouver, ta ratsa Squamish, ta hau Whistler; daga Vancouver zuwa Whistler tafiyar kusan kilomita 120 ce. An faɗaɗa ta gab da gasar Olamfik ta hunturu ta 2010, kuma an yarda masu keke su bi gefenta.

To, amma gefen nan shi ne jujin hanyar. Tayoyin motoci da iskar da suke kaɗawa suna share tsakiyar titi dare da rana, duk abin da suka share kuwa nan yake taruwa: tsakuwa, fasasshen gilashi, ƙusa, ɓallin taya. Haka abin yake ko da bazara. Hunturu ninka shi yake yi.

Idan dusar ƙanƙara ta zuba, motar kwashe ta takan fara da layin motoci, ta tura ta gefe. Wurin mai keke ya zama wurin ajiya ke nan. Bayanta kuma ana watsa gishiri da yashi mai haɗe da ƙananan duwatsu. Gishirin na narkar da ƙanƙara, sai dai ƙarfinsa na raguwa sosai idan sanyi ya kai wajen digiri 9 ƙasa da sifiri, shi ya sa ake ƙara yashi don taya ta samu abin kamawa. Mota na tafiya, tana watsa yashin gefe.

Yanzu ga inda haɗarin ya fi ɓoyewa. Sashen wannan hanya da ke kusa da Vancouver a bakin teku yake, sanyin wurin yakan yi ta kai da komo a kusa da sifiri. Da rana tulin ƙanƙarar gefe ya ɗan narke, ruwan ya malalo kan kwalta. Da dare ya sake daskarewa, siriri, garau, har kana hango baƙin titin ta cikinsa. Ido zai ce jiƙa ce kawai. Mota mai taya huɗu za ta ɗan yi santsi ta daidaita. Keke kuwa, da zarar tayar gaba ta zame, sai ƙasa, babu lokacin ko taka birki. Kan gada ya fi saurin daskarewa domin iska mai sanyi na bi ta ƙarƙashinta, haka ma kwanar da inuwar dutse ta rufe.

Shi wannan ruwan ne ke shiga tsagar kwalta. Ruwa idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ya buɗa tsagar, a kwana a tashi ta zama rami. Abin da yake yi wa titi yana yi wa duwatsun da ke saman hanyar, don haka ake tsintar ɓaraguzansu a gefe.

Ku matso ku ga wannan. Ɓallin tayar tirela ne, irin wanda kowa ya saba gani tsakanin Kano da Kaduna. Baƙar robar ba ita ce damuwar ba, wayoyin ƙarfen da ke cikinta ne. Suna kakkarye ƙanana, su shige tayar keke, iska ta riƙa fita a hankali. Ka yi faci, ka hura, bayan an jima ta sake sacewa, domin wayar na nan maƙale a ciki. Sai an bi cikin tayar da ɗan yatsa a hankali kafin a ji tsininta. Ga hannu kuma ya ƙage da sanyi.

Masu bin irin wannan hanya a hunturu sukan sa taya mai faɗi, ko mai ƙananan ƙusoshin ƙarfe da ke cizon ƙanƙara, su rage mata iska kaɗan. Suna kunna fitila gaba da baya ko da rana, sun isa gida su wanke gishirin, in ba haka ba sarƙa ta ci tsatsa. Ni dai a ganina, ranar da gefen ya toshe gaba ɗaya, a bar keken a gida ya fi, saboda kauce wa tulin ƙanƙara na nufin shiga layin motocin da ke sheƙa gudu. Tun 2024 dokar lardin ta tilasta wa direba barin tazarar mita ɗaya da rabi idan zai wuce mai keke a hanyar da ake gudun sama da kilomita 50 a awa, amma tazarar ba ta hana feshin ruwan gishiri daga tayar babbar mota.

Kuma narkewar ƙanƙara ba ta kawo sauƙi nan take. Duk abin da ta binne tsawon watanni a lokacin yake fitowa fili, yashin hunturu guda a kwance a kan gangara da kwana, ya zauna nan har sai motar shara ta biyo, galibi bayan an tabbatar ba za a sake watsa wani ba.